Shirin sauyin yanayi na Legas: an tambayi 'yan Mile 12 da Agege kuwa?

Duk wanda ya yi damina biyu a wajen Mile 12 ya san ruwa iri biyu ne ke cin unguwar. Akwai na sama, wanda ke tsugewa a Yuni da Yuli, ya cika kwatoci, ya leƙa shaguna, in an yi sa'a kafin washegari ya janye. Akwai kuma wanda ke zuwa rana na ƙwallewa, sama tas babu ko ɗigon hadari, wajen Satumba zuwa Oktoba. Shi wannan daga madatsar ruwa ta Oyan da ke jihar Ogun yake tasowa. In ta cika aka buɗe ta, kogin Ogun ya tumbatsa, sai ruwan ya gangaro ta Isheri da Kara, ya malale Agiliti da Owode da Ajegunlen hanyar Ikorodu. Ba ya gaggawar tafiya. Sai ya yi makonni a tsakar gidajen mutane, har ka ga ana fiton 'yan makaranta a kwalekwale a layin da jiya-jiya babur ke bi.

Akwai wani dattijo mai shayi da nake zama wurinsa a gefen kasuwa, ya fi shekara talatin a nan. Wata safiya da ruwa ya kwana yana zuba na tarar ya ɗora teburinsa a kan bulo bibbiyu, ƙafarsa cikin takalmin roba, yana fifita wuta. Ya nuna mini wani lungu da cokalin hannunsa. "Malam, ka ga waccan kwatar ta bayan masu albasa? Ita ke fara toshewa. Da ta toshe, ba a minti ashirin ruwa ya iso nan. Shekarar da aka yashe ta kafin damina kuwa, sai dai mu ji labari." Na ce, "Baba, ka taɓa gaya wa hukuma?" Ya yi dariya, ya miƙo mini kofi. "Wa ya tambaye ni?"

Jihar Legas na da rubutaccen shiri na tunkarar sauyin yanayi, kuma ba shirin wasa ba ne. Abin da ya kamata a warware shi ne da hannun wa za a aiwatar da shi, a kan wa yake sauka, kuma a wace gaɓa ake jin ta bakinsu.

Mu fara da shi kansa shirin. Legas ta daɗe a wannan harka. Tun 2009, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta fara shirya babban taro kan sauyin yanayi, ta kuma ware 14 ga Yulin kowace shekara ranar dashen itatuwa. Tana cikin ƙungiyar C40, wadda ta haɗa manyan biranen duniya kusan ɗari da suka yi alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Da taimakon wannan ƙungiya aka rubuta shirin shekara biyar na 2020 zuwa 2025, wanda Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar a watan Yunin 2021. Burin da aka sa a gaba shi ne zuwa 2050 birnin ya daina ƙara wa sararin samaniya wannan hayaƙi. Ya riga alkawarin tarayya da shekara goma ke nan, domin 2060 Shugaba Muhammadu Buhari ya ambata a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo a 2021.

Masu lissafin sun ɗauki 2015 a matsayin ma'auni, suka ce a shekarar Legas ta fitar da irin wannan hayaƙi kimanin tan miliyan 26. Fiye da rabinsa daga wutar gidaje da shaguna da masana'antu ya fito, kuma kowa ya san a garin nan in aka ce wuta, janareta ake nufi, tun daga ɗan ƙaramin da mai aski ke ja har zuwa manyan na dizal. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga shara ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar daga ababen hawa. Mutane kan yi mamaki yadda shara ta fi mota, a garin da mutum kan shafe awa uku a cunkoso. Dalilin shi ne ruɓaɓɓen abinci da ganye in aka jibge su aka danne, iska ba ta ratsa su, sai su riƙa fitar da iskar metan, wadda ta fi hayaƙin mota riƙe zafi nesa ba kusa ba. Ita ce kuma ke rura wutar bola in ta kama, irin gobarar da ta tashi a bolar Olusosun da ke Ojota a watan Maris na 2018, hayaƙi ya turnuƙe mashigar gari kwana da kwanaki. Hukumar shara ta jihar, LAWMA, na ƙiyasta cewa Legas na zubar da shara tan 13,000 kowace rana.

Rage hayaƙi rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne yadda za a zauna da ruwan da ya riga ya zo. Legas gari ne da ke kwance a bakin teku, yawancinsa bai ɗara ruwan da wani abin kirki ba. Yawancin manyan magudanan ruwanta a tafkin Legas suke juyewa, shi kuma tafkin yana haɗe da teku. In aka yi ruwan sama mai ƙarfi a daidai lokacin da teku ya cika, tafkin kan taso ya toshe bakin magudanan, ruwa ya rasa hanyar fita ya koma cikin unguwa. Ko da kwatar ƙofar gidanka fes take, sai ka jira teku ya ja baya. Ƙara da fadamun da dā ke shanye ruwa an cike su da yashi an yi gine-gine, ga tekun na ƙaruwa a hankali, ga ƙasar wasu unguwanni na nitsewa. Waɗanda suka ga ruwan 10 ga Yulin 2011 ba su manta ba, haka na 3 ga Yulin 2024 da ya datse hanyar hawa gadar Third Mainland ta Iyana Oworo. Takardar shirin da kanta ta amsa cewa fiye da rabin mazauna jihar, da ta ƙiyasta miliyan 21, suna zaune ne a unguwannin da ba a tsara ba, kuma su ne ruwa da zafi suka fi cutarwa.

To, yanzu a ɗora wannan lissafi a kan sana'o'in 'yan Arewa a Ikko. Shara: su wa ke tura kura lungu-lungu, su wa ke tsintar gwangwani da roba da ƙarfe a Olusosun da bolar Solous ta Igando? Ababen hawa: su wa ke acaɓa da keke, su wa ke jan tireloli daga Kano da Zariya da Sakkwato? Ruɓaɓɓen kaya: ina ya fi Mile 12 tara shi, inda tumatirin da ya kwana huɗu a hanya kan iso rabin kwando ya zama ruwa? Ga mayankar Oko-Oba a Agege da jini da kashin shanun da take fitarwa kullum. Ga masu gawayi, da masu tsire, da masu shayi, waɗanda kasuwar gawayinsu ta ƙara buɗewa bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, lokacin da tsada ta mayar da gidaje da yawa kan murhu. Ba mu kaɗai ke waɗannan sana'o'i ba, akwai Yarabawa da Inyamurai da Egun da sauransu, amma duk wanda ya san garin ya san kasonmu ba kaɗan ba ne. Kusan duk inda shirin nan ya sa yatsa, a kan abincin wani ɗan Arewa ya sa.

Wani abin da ke ba ni tausayi, da yawa daga cikin matasan nan sauyin yanayin ne ma ya koro su, ko da ba su san sunansa ba. Gona ta gaji, damina ta rikice, tafkin Chadi ya ja baya, rashin tsaro ya ƙarasa sauran. Sun bar fari a gida sun zo sun tarar da ambaliya, an guje wa gara an faɗa wa zago. Kuma da yake hayar tudu ta fi ƙarfinsu, a bakin kanal da gefen fadama suke samun wurin kwana.

A nan ne ake rikita abu biyu da ba ɗaya ba: sanarwa da shawara. Sanarwa ita ce a gama yanke hukunci a kira ka a faɗa maka. Shawara ita ce a zo maka tun takarda ba ta bushe ba, kuma abin da ka faɗa ya iya canja ta. Maƙwabtanmu Yarabawa na da karin magana cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan. In aka bi tarihin 'yan shekarun nan, askin bayan ido ya fi yawa.

A Janairun 2018 gwamnatin jihar ta haramta tura kura, a daidai lokacin da take ƙoƙarin miƙa kwasar shara ga wani sabon kamfani. Hujjarta ita ce masu kura na karɓar kuɗin mutane su je su juye sharar a kanal ko tsakiyar titi da daddare. Kuma kada mu yaudari kanmu, wasu na yin haka. Amma me ya sa uwar gida a Idi-Araba ko cikin lungunan Agege ke kiran mai kura? Saboda motar shara ba ta iya shiga layinta, ko kuma sai ta yi mako uku ba ta leƙo ba. Me ya sa mai kura ke juyewa a kanal? Saboda babu wurin da hukuma ta ce ya kai a kusa, kuma in ya doshi babban titi za a ƙwace kurar. Da an zauna da su, abin da za su nema bai wuce wurin juyewa a kowace unguwa da katin shaida ba. Ba a zauna ba. Shekarar nan tsibin shara ya mamaye tituna, har yau kuma kura ba ta ɓace ba, ta dai koma aikin ɓoye. Birnin Akra na ƙasar Gana, inda su ma kalmar bola suke amfani da ita, ya bi ɗaya hanyar: ya yi wa masu kwasar shara da babur mai ƙafa uku rajista, ya ba su wuraren juyewa, ya rufe haramtattun bololi. Ƙungiyar C40 ɗin nan da Legas ke ciki ita ta ba Akra lambar yabo kan wannan aiki a 2019.

Maganar acaɓa ta fi wannan sarƙaƙiya, kuma ba don sauyin yanayi aka hana ta ba. Haɗurra da tsaro gwamnati ta ambata a hanin 1 ga Fabrairun 2020 da na 1 ga Yunin 2022, wanda ya shafi Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, kafin a ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu a Satumba. Amma tana da alaƙa da shirin, domin ginshiƙinsa a fannin sufuri shi ne a raba mutane da ƙananan ababen hawa a zuba su a manya. An yi aiki a nan, ba a musu. Manyan motocin bas na BRT sun fara tun Maris na 2008 daga Mile 12 zuwa CMS. Jirgin ƙasa mai lantarki na Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, wani jirgin na Agbado zuwa Oyingbo da ke ratsa Agege ya biyo baya a Oktoban 2024. Sai dai jirgi ba ya kai mutum ƙofar gida, kuma ba wanda ya fi ɗan acaɓa sanin wane layi ne mota ba ta shiga, wane ne ke zama kogi da damina. An sallami dubban masu wannan sani ba tare da an tambaye su ko da hanyar da za a bi da ƙananan motocin da aka kawo a madadinsu ba.

Labarin mazubin abincin nan na soso da ake kira tekawe shi ya fi nuna yadda abin ke aiki. A Janairun 2024 kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab ya sanar da haramta shi nan take, saboda yadda yake cushe magudanan ruwa. Ni ina goyon bayan hanin, duk wanda ya taɓa leƙa kanal bayan ruwan sama ya ga yadda abin ke yin fari fat a kai. Da masu masana'antu da manyan dillalai suka yi ca, aka ba su mako uku su sayar da abin da ke hannunsu. Sauran robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya kuwa, sai 1 ga Yulin 2025 aka fara kama masu su, bayan doguwar tattaunawa da kamfanoni, aka kuma tsame ledar ruwan sha daga ciki. Ashe dai ana iya zama a yi ciniki. Wanda ke da ƙungiya da lauya da sakatare ya samu kujera. Baiwar Allah mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, wadda ita ce za ta nemo abin zuba wa mai saye washegari, a rediyo ta ji. Haka rufe kasuwar Mile 12 na 'yan kwanaki a Oktoban 2023 saboda ƙazanta, da rufe mayankar Oko-Oba a tsakiyar 2025. Ana rufewa sai ka ga an zauna da shugabannin kasuwa cikin gaggawa, an sa hannu a yarjejeniya, an buɗe. Zaman da za a iya yi tun kafin kwaɗo ya hau ƙofa.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wato tsoro. A Legas, in talaka ya ji hukuma na maganar ambaliya a unguwarsu, katafila yake hangowa. Yana da dalili. An rushe Maroko a Yulin 1990, aka tashi mutum kimanin 300,000. An shiga Makoko a Yulin 2012 da wa'adin awa 72. An tashi Otodo Gbame tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017, mutum sama da 30,000 suka rasa matsuguni, har wata babbar kotun jihar ta yanke a Yunin 2017 cewa tashin mutanen bakin ruwa ba tare da tuntuɓarsu da sama musu wani wuri ba ya saɓa wa tsarin mulki. Mu ma mun ɗanɗana: a Mayun 2022 aka ba mazauna Alaba Rago wa'adin kwana 14. Alhali a can Victoria Island an cike teku da yashi an kafa Eko Atlantic, an kare shi daga teku da katangar duwatsu da aka tsara tsawonta ya kai kilomita takwas da rabi. Mai kuɗi in ya zauna a bakin ruwa a yi masa katanga, talaka in ya zauna a ce ya tare hanyar ruwa. Wani lokacin da gaske ya tare ɗin, amma idon mutane na ganin bambancin.

Illar wannan tsoro ga shi kansa shirin babba ce. Mai tsara magudanan ruwa na buƙatar ya san gida nawa ne a layi, mutum nawa ke kwana a ciki, ina ruwa ke kaiwa a bango. Na'urar da ke ɗaukar hoto daga sama za ta nuna masa rufin kwano, ba za ta gaya masa mutum goma sha biyu ke kwana a shagon ba, ko cewa kwatar bayan masu albasa ce ke fara toshewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in jami'i ya shigo da littafi da biro, kowa sai ya ce shi baƙo ne, jiya ya zo. Sai a koma ofis da lissafin ƙarya a gina shiri a kai.

Kada a ce ba a yin tarurruka. Ana yi. Na taɓa raka wani shugaban 'yan kasuwa irin wannan taro na masu ruwa da tsaki, a zauren wani otal mai sanyin na'ura. An sa ƙarfe goma na safiyar Talata, lokacin da kasuwa ke kan ganiyarta. Manyan baƙi suka iso sha biyu saura. Aka yi jawabai, aka haska zane-zane a bango da Turancin da ni mai digiri ma sai na nutsu. Da aka zo tambayoyi, mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, mutum uku kawai za a ɗauka. Alhajin da na raka ya ɗaga hannu, ba a gan shi ba. Muka sa hannu a takardar halarta, aka ɗauki hoto, aka ba kowa ƙunshin abinci. A mota ya juyo ya ce mini, "Ɗana, wai me suka ce za su yi?" Na tabbata a rahoton taron an rubuta cewa 'yan kasuwa sun halarta.

Ko da an ba shi dama ya yi magana, da sauran rina a kaba, domin tambayar wa ke wakiltar wa ba ƙarama ba ce. Hanyar da gwamnati ta fi sabawa da ita zuwa ga jama'a ita ce ƙungiyoyin raya unguwa da ake kira CDA, waɗanda ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 na jihar. A mafi yawan unguwanni masu gidaje ne ke riƙe da su. Ɗan haya sai dai a zo karɓar kuɗin maigadi a wurinsa, balle wanda ke kwana a shago ko masallaci. Ta ɓangarenmu kuma, in an tashi neman 'yan Arewa, sarakunan Hausawa ake kira, na Agege da na Idi-Araba da sauransu. Suna da daraja, kuma sun kashe wutar rikici ba sau ɗaya ba. Amma sarki dattijo ne mai gida da rufin asiri. Bai kwana a bakin kanal ba, bai san nawa ake sayen kilon roba a bola yau ba. Ɗan shekara ashirin da ya zo ci-rani daga Jigawa ba zai buɗe baki a gaban sarki ya ce ga abin da ke damunsa ba, tarbiyyarmu ba ta ba shi wannan ba. Mata kuwa ba a ma maganarsu, alhali su ke gida lokacin da ruwa ke shigowa, su ke ɗaga katifa da buhun abinci, su suka san wane yaro ya kama gudawa bayan ambaliya. In ba mace aka tura ta same su a islamiyya ko gidan suna ba, ba za a taɓa jin wannan ba.

Sai harshe. Jihar na aiki da Turanci da Yarabanci, har majalisar dokokinta na zaman ranar Alhamis da Yarabanci, kuma wannan haƙƙinsu ne a ƙasarsu. Amma gargaɗin ambaliya ba ado ba ne, magana ce ta rai. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fassara hasashenta na shekara zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, a tura ta WhatsApp ga shugabannin tasha da limamai ranar da za a buɗe Oyan, bai kai kuɗin abincin taro ɗaya ba.

Wasu garuruwan sun gwada hanyoyin da suka wuce taron otal. Porto Alegre ta ƙasar Burazil ta fara a 1989 ba mazauna unguwanni damar zaɓar ayyukan da za a yi da wani kaso na kasafin kuɗin birni, abin da aka kwaikwaya a ƙasashe da yawa. Faransa ta zaɓo mutum 150 ta hanyar ƙuri'ar sa'a a 2019 don su duba batun sauyin yanayi, daga kowane irin matsayi, suka yi watanni suna sauraron masana suka fito da shawarwari 149. Da aka zo mayar da su doka aka rage wa da yawa ƙarfi, mahalartan suka fito suna ƙorafi, wanda ke nuna tara mutane ba shi ne ƙarshen magana ba in babu alkawarin abin da za a yi da maganarsu. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Firitawun, babban birnin Saliyo, inda magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta ƙaddamar da dashen itatuwa miliyan ɗaya a 2020. Maimakon manya su dasa a ɗauki hoto a watse, mazauna unguwa ake biya su dasa, su yi ban ruwa, su riƙa ɗaukar hoton kowace bishiya da waya don a tabbatar tana raye. Mutumin da ke cin abinci daga abin da ya samu a yini, in kana son lokacinsa sai ka biya shi, in ba haka ba waɗanda ke da albashi ne kaɗai za su zo maka.

Duk da haka ba zan ɗora wa gwamnati laifin duka ba, mu ma muna da namu. Da yawanmu mun shekara ashirin a garin nan muna cewa mun zo nema ne, gida za mu koma. Mutum ya haifi 'ya'ya a Agege, sun yi aure a Agege, amma bai taɓa zuwa taron unguwa ba, bai yi katin zama ɗan jiha na hukumar LASRRA ba, katin zaɓensa na can ƙauye. Wanda ba ya cikin lissafi ba a yin kasafi da shi. Sannan ledar da ke cikin kwatar bayan masu albasa ba daga Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, aka kawo ta ba. Sharar safiyar Alhamis da ake yi a kasuwanni, sau nawa muke mayar da ita lokacin shan shayi, a jira ƙarfe goma a buɗe shago? Ƙungiyoyinmu na kasuwa na iya tara miliyoyi cikin kwana biyu in an kama wani ko an rufe ƙofa, amma ba na jin akwai wadda ta taɓa ɗaukar matashi ɗaya mai ilimi ta ce aikinka ka karanta takardun gwamnati ka gaya mana abin da ke tafe. Kullum sai ihu bayan hari.

Ƙofofin kuwa akwai su, ko da ƙanana ne. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoton aiki ga jama'a, kuma bisa ƙa'ida ana ajiye shi kwanakin aiki 21 don kowa ya duba ya rubuta ƙorafi. Ma'aikatar kasafi ta jihar na zagaya shiyyoyi biyar, Ikeja da Badagry da Ikorodu da Legas da Epe, don jin ra'ayi kafin a haɗa kasafin shekara. Majalisar dokoki na zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudurori, 'yan majalisar 40 kuma na kiran taron mazaɓa. Mutanen unguwannin bakin ruwa sun riga mu gane wannan. Sun haɗa ƙungiya, suna ƙirga gidajensu da kansu, suna zana taswirar unguwanninsu, in za a yi magana su ajiye takarda a kan tebur, kuma da irin wannan haɗin kai suka kai ƙarar da aka yanke a 2017.

Wa'adin shirin 2020 zuwa 2025 ne, burin kuma 2050, wato akwai wasu shirye-shiryen shekara biyar-biyar da za a rubuta a tsakani. Kowannensu zai taɓo bola da kasuwa da mayanka da bakin kanal. Da 'yan tumatir da 'yan albasa da 'yan dako na Mile 12 za su ɗauki damina ɗaya suna rubuta ranar da ruwa ya shigo, ta inda ya shigo, inda ya kai a bango, da kwando nawa ya lalace, da sun riƙe abin da babu wani ofishi a Alausa da ke da shi. Na faɗa wa Baba mai shayi haka. Ya ce shi bai iya boko ba, amma in da ajami ne, a kawo littafin.